Kar-a-kunna, Mai Gyaran Talabijin

Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa a layin masu gyara. Kowa Kar-a-kunna yake ce masa, har matarsa idan ranta ya ɓaci. Da bakinsa ya jawo wa kansa sunan. Duk wanda ya sauke masa talabijin a kan tebur, kafin ma su gama gaisawa zai ɗaga hannu ya ce, "Kar a kunna tukuna." Daga nan sai ya buɗe bayanta, ya hure ƙura, ya shinshina, ya auna nan ya auna can, mai kaya na tsaye yana sauya ƙafa. Akwai wanda ya kawo masa rediyo matarsa na da ciki, bai karɓe ta ba sai da yaron ya fara rarrafe.

Amma fa ba a taɓa jin wani abu ya ƙone a hannunsa ba. Wannan ne abin alfaharinsa, kuma ba shi da wani bayan shi. Ba ya kallon ƙwallo, ba ya kallon labarai. Ya tsufa a kan talabijin amma gabanta bai dame shi ba, bayanta kawai ya sani.

Da aka shigo da talabijin marasa ƙeya, masu kama da faranti, sai aiki ya yi masa ƙaura. Ya ci gaba da buɗe shago kullum, yana goge tebur, yana kallon masu gyaran waya suna yi wa mutane aiki a tsaitsaye, abin na ƙona masa rai. 'Yarsa ta tausaya masa ta kawo masa sabon osiloskof, wato na'urar da ke zana motsin wutar lantarki a ɗan allo a gani da ido. Tsohon nasa sai an yi masa ɗaukar mutum biyu, wannan kuwa bai fi akwatin takalmi ba. Ya gode mata sosai, ya ajiye shi a kan kanta, bai kunna ba sai da ya karance takardarsa kaf.

Yayansa kuwa wani mutum ne daban, har ana mamakin ciki ɗaya suka fito. Shi sai ya kunna abu sannan ya tambayi mene ne. A zamaninsa ya riƙe gidan gem, inda yara ke wasan bidiyo, da injina jere kamar durowar kaya, ana jefa musu kwandala suna kuwwa. Gidan ya mutu, injinan suka watse, saura guda ɗaya da ya ƙi rabuwa da shi, yana can a garejin gidansa tsakanin tsohuwar firji da keken ɗinki.

Matar Yaya ce ta zo shagon da kanta wata safiya. Ba ta zauna ba.

"Ƙanin miji, likita ya gama magana. Ciwon sugan nan ya cinye idon yayanka, ɗan abin da ya rage ma tafiya yake yi. Na ce me yake so ya gani kafin ya rufe, ina zaton zai ce jikoki, ko ni. Wai injinsa."

"Kar a kunna shi," in ji Kar-a-kunna.

"Ai na san abin da za ka ce ke nan. Ɗauko kayanka."

Ba don rigima ya faɗa ba. Injin nan ba irin sauran ba ne. Talabijin ta gida share fuskarta take yi da haske layi-layi, daga sama har ƙasa. Wannan kuwa zane yake yi kamar mai riƙe da alƙalami: tsinken haske guda ɗaya ne, wata wayar wuta na ce masa yi dama ko hagu, wata na ce masa yi sama ko ƙasa, shi kuma yana gudu yana zana ɗan jirgi da taurari a kan baƙi wuluk. Muddin yana gudu, lafiya lau. Amma in wayoyin nan suka yi shiru, sai hasken ya tsaya cak a wuri guda ya ƙona gilashin daga ciki. Gilashin nan mai ƙeya, wanda Kar-a-kunna yake kira kwalba, an daina yin irinsa tun Yaya na da baƙin gashi. In ya ƙone, shi ke nan.

Saboda haka da ya isa garejin, abin da ya fara yi shi ne zare igiyar kwalbar. Ya ba allon wayoyin injin wuta shi kaɗai, ya maƙala bakin osiloskof ɗaya a wayar dama-da-hagu, ɗaya a ta sama-da-ƙasa, ya danna inda zai haɗa su wuri guda. Sai ga wasan ya fito a ɗan allon na'urar. Ga ɗan jirgin nan, ga taurari suna yawo, sai dai duk ɗigo-ɗigo ne, da wasu zare-zare sun haɗa komai da komai kamar saƙar gizo-gizo. Daɗi ya kama shi, har ya kusa yin murmushi.

"Yaya, injinka na da rai. Duba nan."

Yaya ya sunkuyo har hancinsa na gogar allon. "Ina?"

"Ga shi a gabanka."

"Kai, ni ban ga komai ba sai hazo. Wannan abin wasan yara ka kawo mini? Kunna mini babban!"

"Ba yanzu ba."

Dalilinsa mai ƙarfi ne. Da injin ya ɗan ɗauki zafi, sai ya ga zanen da ke allon na'urar yana tsukewa a hankali, yana neman komawa tsakiya. Abin da ke ba wayoyin nan biyu wuta ya gaji. Akwai kuma wani ɗan guntu da aikinsa shi ne ya kashe hasken in an shiga irin wannan hali, ya auna shi ya tarar shi ma ya riga mu gidan gaskiya. Ya yi wa Yaya bayani dalla-dalla. Yaya ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce tun suna yara haka yake, ko ruwan wanka sai ya auna.

Aka shiga neman kayan gyara. Kar-a-kunna ya zagaye layin masu gyara, ya kwance tsofaffin talabijin da ke ƙarƙashin teburinsa, 'yarsa ta yi ta tambaya a waya. Wani ya ce yana da shi, aka je aka tarar na fanka ne. Wani daga nesa ya ce ya aiko, yana hanya. Kullum da hantsi Kar-a-kunna na garejin da ƙarfen darmarsa, yana canja wannan yana auna wancan, zanen kuma in ya ji zafi sai ya tsuke abinsa. Yaya na zaune a kujerar roba yana yi masa tsiya, matar Yaya na leƙowa tana tambaya ko a kawo masa katifa ne.

Ran nan Kar-a-kunna ya shigo ya yi sallama, sai Yaya ya miƙe da fara'a ya miƙa wa firji hannu.

Babu wanda ya yi dariya. Yaya ya tsaya da hannu a miƙe, sannan ya mayar da shi aljihu kamar dama abin da ya yi niyya ke nan. Kar-a-kunna ya ji tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji a gaban wutar lantarki ba. Kayan da ke hanya ba za su riski idon nan ba, ya san haka sarai.

Ya ja ƙofar garejin ya rufe don wurin ya yi duhu. Ya kamo hannun Yaya ya tsayar da shi a gaban injin, ya ɗora masa yatsu a kan maɓallan. Sannan ya zagaya baya, ya mayar da igiyar kwalbar, ya ajiye osiloskof inda zai riƙa ganinsa, ya kunna.

Kwalbar ta yi ɗan tsaki, ta yi shiru, sai layuka farare tas suka fito a kan baƙin gilashi.

"Yauwa!" in ji Yaya. "Akwai wani abu na motsi. Jirgin ne?"

"Shi ne, Yaya."

"Dishi-dishi nake ganinsa. Ƙara masa haske."

Ya ƙara, duk da ya san abin da hakan ke nufi. Yaya na ta danne-danne, taurari na ta buge jirgin, shi ko a jikinsa. Matar Yaya ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa. Shi kuwa Kar-a-kunna idonsa na kan ɗan allon na'urar, yana kallon zanen na tsukewa. Ya ɗora yatsa a kan makunni. Sama da ƙasa suka haɗe suka zama layi ɗaya a kwance. Layin ya gajarce daga gefe da gefe, har ya koma ɗigo guda a tsakiyar kwalbar, mai hasken da ya haskaka garejin har keken ɗinki ya yi inuwa.

Yanzu ne lokacin kashewa. Yatsansa ya fara dannawa.

"Tsaya!" Yaya ya dafa gilashin da hannu biyu. "Kai, tsaya! Wannan na gan shi. Wallahi na gan shi tar, babu hazo ko kaɗan. Mene ne wannan?"

Kar-a-kunna ya san ko mene ne. Kwalba ce ke ƙonewa, a hannunsa, yana tsaye. Ya dubi ɗigon, ya dubi fuskar yayansa da hasken ya wanke, baki a buɗe kamar ƙaramin yaro.

"Tauraro ne, Yaya," ya ce. "Na cikin wasan ne."

Ya janye yatsansa daga kan makunnin, ya jawo kujerar roba ya zaunar da shi, don ya kalla da kyau.