Man Gwaggo a Kwalbar Humra

Akwai wata ranar sanyi a Lyon da na san ko tsufa ya sa na manta sunayen titunan da na zauna, ita ba za ta bar raina ba. Ranar ce na gano cewa wata 'yar kwalba da ba ta kai tsawon yatsana ba ta kusa raba ni da gwaggota.

A lokacin ina karatun adabi a jami'a a Paris, ina zaune a wani ɗan ɗaki a Aubervilliers, a gefen birnin. Iyayena suna Damagaram. Duk faɗin Faransa ba ni da kowa sai Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ke zaune ita kaɗai a saman wani dogon bene a unguwar Minguettes, a gefen Lyon, tun bayan rasuwar mijinta. Duk hutu nakan shiga jirgin ƙasa in tafi wurinta, in ci tuwo da miyar kuka, in ɗora kaina a cinyarta tana tsefe mini kitso, ina kallon gizagizai suna wuce tagarta kamar masu zuwa unguwa.

Ciwon gwiwa ne ya matsa mata. Da sanyi ya shigo sai gwiwoyin su kumbura, barci ya ƙaurace mata. A shekarun nan ne aka fara buɗe ƙananan shaguna a Paris masu sayar da man CBD, man da ake samu daga tsiron wiwi amma ba ya sa maye. Na tambayi lokotoron da ke duba ta. Ya ce ba zai warkar da gwiwa ba, sai dai tana iya gwadawa, tunda bai ga zai yi karo da magungunanta ba. Na sayo mata. Kwalba ce mai duhu, mai launin ruwan ƙasa, da ɗan bututu na ɗigawa a ƙarƙashin harshe, a jikin takardarta kuma an zana ganyen nan mai yatsu.

Gwaggo ta riƙe ta da bakin mayafi, ta nisanta ta da jikinta.

"Ɗiyata, duk bokon naki a nan ya tsaya? Ki kawo mini ganyen 'yan tasha?"

Na sha fama kafin ta yarda. Amma bayan ɗan lokaci sai ga muryarta a waya ta sake. Ta ce tana samun barci, har tana sauka kasuwa da ƙafarta. Da kwalbar ta ƙare na aika mata da wata, iri ɗaya, daga shago ɗaya.

Da sanyi ya yi nisa, muryarta ta koma yadda take a da. Wata rana bayan mun gaisa sai ta ce, "Jikina ya ƙi magani, ɗiyata. Ina sha, kamar ina zuba ruwa a rairayi. Na yi shawara da zuciyata, gida zan koma. Gara ƙasar da na sani ta rufe ni." Ta ce har ta fara raba zannuwanta ga maƙwabta.

Na tsorata, ba zan ɓoye ba. Amma ƙarƙashin tsoron akwai wata tambaya da ta riƙa sosa mini rai. Ta yaya abu ɗaya zai yi aiki da farko ya ƙi yi daga baya? Jikin ne ya canza ko man? Na koma shagon, mai shagon ya buɗe mini wata kwalba irin tata. Man launin zuma ne mai haske, yana ƙamshin ciyawar da aka yanka da safe. Ya tambaye ni inda take ajiye nata, sai na ga ban sani ba. Ranar Asabar na kama hanyar Lyon.

Na same ta a kujera, ƙafafu a miƙe, akwati a buɗe a tsakar ɗaki. Na ce ta nuna mini maganin. Ta ce, "Yana nan inda yake. Ke dai ki ci abinci." Na duba banɗaki, na duba firijo, na leƙa ƙarƙashin matashi, babu kwalba mai duhu ko'ina. Ina cikin wannan nema aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Maƙwabciyarta ce ta hawan ƙasa, wata Hajiya 'yar Cadi, mai fara'a da son ƙamshi. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi sanyi da gajiya da mutanen Paris. Tana magana tana matsawa wajen taga, inda Gwaggo ke jera turarukanta a kan dakalin da ke saman shofaj, ƙarfen nan mai ɗumama ɗaki. Rana tana faɗowa kan kwalaben, suna ƙyalli kamar 'yan kunne. Hajiya ta ɗauki wata farar kwalba mai murfin gilas, ta buɗe, ta dangwala, ta shafa a wuya da bayan kunne.

Sai ta yamutsa fuska, ta juyo wajen Gwaggo.

"Hajiya, wa ya haɗa miki wannan humrar? Wallahi an cuce ki. Warin tsohon man suya take yi!"

Na dubi Gwaggo. Ta ƙame, idonta a kan silin, bakinta yana motsi kamar mai tasbihi. Can ta ce, "Ta daɗe ne." Hajiya ta goge wuyanta da gefen mayafi, ta yi alkawarin kawo mata ta kirki daga wurin wata ƙanwarta, ta fita tana sunsunar yatsunta.

Ƙofa na rufuwa na ɗauki kwalbar. Da ɗumi na ji ta a tafin hannuna, kamar ƙwai da aka ɗauko daga ƙarƙashin kaza. Man ya yi duhu, ya yi kauri, murfin kuma yana rawa a bakinta.

"Gwaggo, wannan ne?"

"To ya kike so in yi?" ta ce, tana gyara ɗankwali. "Mata suna shigo mini kullum. Su ga ganyen nan a ɗakina, gobe a ji a Damagaram cewa na tsufa na lalace? Na wanke kwalbar humra da ruwan zafi, na juye shi. Wa zai tambayi tsohuwa don me take da turare?"

"A kan shofaj kuma fa?"

"Ke ma dai. Man kaɗe ba nan nake ɗora shi ya yi laushi ba? Mai ai ɗumi yake so."

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Na tambaye ta inda ta ajiye kwalbar farko. Ta sunkuyar da kai ta ce a ƙasan akwati, cikin zannuwa, a ɗakin da ba ta kunna wa ɗumi. Takan ɗauko ta ɗiga, ta murɗa murfin da ƙarfi, ta mayar da sauri kada wani ya gani.

A nan abin ya buɗe mini. Kunyarta ce ta tsare kwalbar farko ba tare da ta sani ba, ta ba ta duhu da sanyi da murfi a ɗaure. Ta biyun kuwa dabara ta fito da ita fili, rana ta dake ta, zafi ya dafa ta, iska tana shiga tana fita. Na yi mata bayanin abin da mai shagon ya faɗa mini, cewa haske da zafi da iska suna cinye ƙarfin man, shi ya sa ake zuba shi a kwalba mai duhu.

Ta karɓa ta sunsuna da kanta, ta daɗe tana juya ta. "Man gyaɗar innarmu," in ji ta a hankali, "a tulu yake zama, a ƙuryar ɗaki, da faifai a bakinsa. Ba ta taɓa barin sa a rana ba." Sai ta ɗago ta dube ni. "Kenan ba jikina ne ya ƙi ba?"

"Ban sani ba tukuna, Gwaggo. Amma wannan da kike sha ya riga ya mutu. Ki ba ni wata ɗaya kafin ki rufe akwatin nan."

Da yamma na samo sabuwa a cikin gari. Gwaggo ta yanko ƙyallen atamfa ta ɗinka wa kwalbar 'yar riga da ta rufe ganyen, muka sa ta a ƙuryar kabad ɗin ɗakin kwana, nesa da taga, nesa da shofaj. Gwiwar ba ta warke ba, lokotoro ma bai ce za ta warke ba. Amma barci ya dawo mata, kuma har yau ba zan iya rantsewa ba ko man ne kaɗai ya yi aikin, ko sanin cewa jikinta bai juya mata baya ba. Ba ta tafi ba. Da bazara ita ce ta hawo jirgi ta zo mini Paris, tana ƙorafin matakalar metiro, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa.

Tun daga ranar na koyi cewa mai irin wannan a bar shi a kwalbarsa mai duhu, a ɗaure murfinsa, a ajiye shi inda babu rana babu zafi, in ƙamshinsa ya juya kuma a rabu da shi. Na kuma koyi abin da ya fi wannan. Idan wanda kake ƙauna ya ce maka komai ya daina yi masa aiki, kada ka tsaya ba shi haƙuri a waya. Ka je ka zauna a ɗakinsa, ka ga inda yake ajiye abubuwa, da abin da yake jin kunyar a gani.