Shaidar Lawan Mai Faci

Shekara goma sha tara Lawan yana faci a bakin titin Gyaɗi-Gyaɗi. Mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. Ko babu aiki sai ka gan shi yana kwance injin iska yana mayarwa. Yawancin masu kawo masa taya 'yan adaidaita sahu ne, kuma a cikinsu babu na hannun damansa kamar Murtala. Kwano ɗaya suke sa hannu da rana.

Wata Talata da hantsi, Lawan yana tsugune yana neman huji a jikin tubu, ya ɗago kai ya ga Murtala ya biyo hannun da ba nasa ba don ya yanke hanya. Wata ƙaramar mota ta taho, ta taka birki, amma ina! Dattijuwar da Murtala ya ɗauko ta karye a cinya. Mai motar, Nusaiba, ma'aikaciyar jinya ce da ta taso daga aiki. Jama'a suka yi mata caa, kowa na cewa gudu take yi. 'Yan sanda suka rubuta sunan Lawan, bayan sati uku sai ga sammaci, ya je kotu ya ba da shaida.

Murtala ya same shi a rumfa. "Yaya Lawan, in ka je kotu ka ce kanka na ƙasa. Ai faci kake yi."

"Na ɗago, Murtala."

"Wa ya ga ka ɗago?"

Tun daga ranar aiki ya ƙi masa. Ya yi faci a inda babu huji. Ya tafi Unguwa Uku sayen gam, ya dawo hannu rabbana. Sau biyu yana zuwa layin su Murtala a Tarauni, ya juyo bai yi sallama ba. Matarsa Salamatu ta gaji da ganin tuwo yana hucewa.

"Malam, ka gani ko ba ka gani ba?"

"Na gani."

"To, ci abincinka."

A kotu lauyan Murtala ya tasa Lawan gaba. Taku nawa ne daga rumfarsa zuwa titi? Ba shi da ciwon ido? Ko yarinyar ta taɓa kawo masa taya? Lawan yana murza hula a hannu, ya dubi alƙali ya ce:

"Ranka ya daɗe, Murtala ƙanina ne a zaman tare. Amma shi ya shigo mata."

Aka sallami Nusaiba. Aka ci Murtala tara, aka ɗora masa jinyar dattijuwar.

'Yan adaidaita suka koma wajen wani mai faci a Ƙauyen Alu. Wasu sun dawo da damina ta kama, ƙusa ta yi yawa a hanya. Murtala bai dawo ba. Yakan wuce ta gaban rumfar, wani lokaci ya rage gudu, Lawan ya miƙe tsaye da lebar taya a hannu, sai ya ga ashe fasinja zai ɗauka.