Malama Rakiya da Yarinyar da ke Wanke Hannu Ba Ruwa

Shekara tara ke nan da Allah ya yi wa ƙawata Malama Rakiya rasuwa. Kowace shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi mata addu'a in ja bakina in yi shiru, domin ni ba marubuciya ba ce, malamar kimiyya ce da ta yi ritaya. Bana kam shirun ya gagare ni. Makon jiya na dawo daga Gagarawa da wani farin ciki da ya hana ni zama wuri ɗaya, har jikokina suka tambaye ni ko kujerar Makka na samu. Na ce musu wasan 'yan makaranta na je kallo, suka dube ni suka dubi juna. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ko masu karatu za su fi su gane ni.

Ni da Rakiya mun yi koyarwa tare a wata makarantar kwana ta 'yan mata a ƙasar Gumel, ɗakinta jikin nawa a gidajen malamai. Adabin Turanci take koyarwa, darasin da yawancin yara ke gudu. Ba ta da jiki, amma muryarta kamar ta mai shela. Ina ɗakin gwaji ina fama da nuna wa yara yadda cikin kwaɗo yake, sai in lura kunnuwansu duk sun tafi ajinta.

Cikin littattafan da aka sa wa 'yan aji biyar a wancan lokaci akwai wani tsohon wasan kwaikwayo na Turawa. Labarin wani sarkin yaƙi ne, jarumi, amintaccen sarkinsa. Yana dawowa daga fagen fama wasu mata bokaye suka tare shi suka ce zai yi sarauta. Ya gaya wa matarsa, ita kuma ta yi ta zuga shi, har ya kashe sarkin ranar da ya sauka baƙunci a gidansa. Ya hau karaga, amma barci ya ƙaurace masa, kisan farko ya yi ta jawo wasu. Matar kuwa ta koma tana yawo cikin barci tana murza hannu, tana ganin jinin da babu mai ganinsa sai ita.

Turancin littafin irin na da ne, mai tauri. Abin da aka saba shi ne malami ya rubuta taƙaitaccen bayani a allo, yara su kwafa su haddace. Rakiya ta ce ita ba za ta yi haka ba. Ta ba kowace yarinya mutumin da za ta zama a labarin. Su karanta da Turanci, su faɗi maganar da Hausa yadda za su faɗe ta a tsakar gidansu, sannan su tashi su yi ta a aikace.

Kafin wani lokaci makarantar ta ɗauka gaba ɗaya. Aka feƙe kara aka yi takubba, aka yi hular sarauta da kwalin sukari, zoɓo ya zama jini, har mai kula da ɗakunan kwana ta kai ƙara cewa fararen hijabai sun ƙare. A layin karɓar abinci gardama ake yi kan wanda ya fi laifi tsakanin mijin da matar. Ni kaina wata yarinya ta ɗaga hannu a ajina ta tambaye ni, a kimiyyance, ko da gaske laifi na iya hana mutum barci. Da na gaya wa Rakiya, sai da ta taka rawa a bakin ƙofata.

Wadda ta ba matsayin matar ita ce Safiya, 'yar garin Ɗanzomo, yarinyar da in ba kiran suna ake yi ba ba ka jin muryarta. Kowa ya yi mamaki, har ni. Rakiya ta ce mini ta ga yadda yarinyar ke riƙe numfashi in ana karanta wurin, kuma hakan ya ishe ta.

Sai aka yi hutun tsakiyar zango. Safiya ta koma gida, wata rana bayan azahar ta zagaya bayan rumbu don ta gwada abin da aka koya mata. Kakarta, Iya Tabawa, ta biyo ɗibar ƙirare, ta tarar da jikarta ido buɗe amma ba ta kallon komai, tana murza tafin hannu ba ruwa ba sabulu, tana magana da Turanci da wanda ba a gani. Ta kira ta, yarinyar ta yi nisa a cikin abin, ba ta ji ba. Kafin Safiya ta ankara gida ya cika, an kunna hayaƙi, an aika a kira mai ruƙiyya. Ta yi ta rantsuwa cewa lafiyarta ƙalau, aikin makaranta ne, aka ce ai dama haka aljani yake faɗa. Daga baya mun sha dariyar wannan labari, amma a lokacin ba abin dariya ba ne. Da mahaifinta, Malam Ila, wanda shi ne mai unguwarsu, ya tabbatar da gaske aikin makaranta ne, sai ransa ya fi ɓaci. Ranar da aka koma makaranta ya zo da kansa ya ce a ba shi akwatin 'yarsa, ta gama boko.

Shugabar makaranta ta kira Rakiya ta ce a dakatar da wasan nan take. Tsoronta shi ne labari ya bazu a ƙauyuka cewa bokanci ake koya wa yara, iyaye su yi ta kwashe 'ya'yansu. Ba ta yi kuskure ba, irin haka na faruwa. Rakiya ta roƙi a bar ta ta gana da mutumin tukuna, ta ja hannuna ta ce in raka ta.

Muka same shi zaune a benci ƙarƙashin darbejiya, sandarsa a tsakanin ƙafafu. Muka durƙusa muka gaishe shi, ya amsa a taƙaice.

"Malama," in ji shi, "karatu na kawo 'yata ta yi, ba zancen bokaye da jini ba."

Rakiya ta ce, "Gaskiyarka, Baba. Ka ba ni izini in kawo maka maganar kamar ƙara ce aka kawo zaurenka. In ka ji ka ga babu alheri a ciki, ni da kaina zan ɗauko akwatin."

Ya gyara zama, ita kuwa ta fara. Ba ta ambaci littafi ba, ba ta ambaci Turawa ba, ta ba shi labarin kamar abin da ya faru a wani gari can gabas. Da ta zo wurin kisan ya dakatar da ita ya tambaya ko sarkin ya ci abincin gidan kafin a kashe shi. Ta ce ya ci, har kyauta ya yi wa matar gidan. Malam Ila ya yi salati a hankali ya jingine sandarsa. Daga nan tambayoyi suka yi ta zuwa: mutumin yana da 'ya'ya? Dattawan garin ba wanda ya yi magana? Su bokayen, sun ce masa ya yi kisa, ko dai kawai sun ce zai yi sarauta? Da ta ce ba su ce ya yi kisa ba, ya daɗe yana gyaɗa kai.

Ta tambaye shi wa zai ɗora wa laifin. Da farko ya ce matar, babu ko tantama. Can kuma ya ce a'a, a dakata, ai ita baki kawai ta sa, wuƙar a hannun mijin take. Ya sake komawa kan matar, ya sake dawowa. Har aka kira la'asar yana wannan kai da komo, motar da zai bi ta tafi ta bar shi. Ban ce ya sauko gaba ɗaya ba. Ya bar akwatin, amma da sharaɗi: kada a sake gwada masa wannan abu a gida, kuma ranar da za a yi wasan zai zo ya gani da idonsa, in bai gamsu ba zai tafi da 'yarsa a ranar.

Ranar ziyarar iyaye aka yi shi, a filin taro. Malam Ila ya zo, har da Iya Tabawa, aka ba ta kujera kusa da ni. Rakiya tana bayan labulen zannuwan gado tana kai da kawowa, ta kasa ko shan ruwa. Da Safiya ta fito tana murza hannu tana magana ƙasa-ƙasa, filin nan ya yi tsit, masu tallar gyaɗa a bakin ƙofa ma suka yi shiru. Na juya na ga tsohuwar tana share ido da gefen mayafi. Ta matso kusa da kunnena ta ce, "'Yar nan, ashe matar nan ba aljani ne da ita ba. Haƙƙi ne."

Da aka tashi Malam Ila bai ce komai game da akwati ba. 'Yan mata suka kewaye shi suna son jin hukuncinsa, ya ce shari'a irin wannan ba a yanke ta a zama ɗaya. Na ga Rakiya ta zauna a ƙasa bayan labule tana dariya hawaye na zuba.

Bayan 'yan shekaru ta kwanta gajeriyar jinya ta cika, ta bar yara biyu. Lokacin Safiya tana kwalejin horar da malamai. Yau ita ce malamar adabi a wata sakandaren jeka-ka-dawo a Gagarawa, kuma ita ce ta kira ni a waya ta ce, "Malama, yarana za su yi wasan nan, ina so ki zo ki zauna a madadin Malama Rakiya."

Tun a hanya nake tunanin me Rakiya za ta ce game da yaran yanzu. Mu nan tsofaffin malamai kullum kuka muke yi cewa waya ta cinye su, ba sa karatu, amsar komai a waya suke nema. Akwai gaskiya a ciki. Safiya ta gaya mini wasunsu sun kalli wasan a waya tun kafin su buɗe littafin. Amma na san ƙawata. Da ta karɓi wayar ta zauna ta kalla tare da su, sannan ta ce to, ku tashi ku yi mini naku in gani. Da ta ga hotunan 'yan takara da suka rufe katangun garuruwanmu, da samarin da ke son su kwana talakawa su tashi da mota, ban jin za ta yi wa kowa wa'azi. Ba ta taɓa rubuta darasin labarin a allo ba. Tambaya take jefawa ta koma gefe, ta bar yara su yi ta fama da ita.

Kuma sun yi nasu, wallahi sun yi. Maza da mata ne wannan karon, sun mayar da labarin ƙasarmu, da rawani da alkyabba. Wanda ya fito a sarkin yaƙi Bafulatani ne daga wata ruga kusa da gari. Da ya zo wurin da mutumin ke shawara da zuciyarsa kafin kisan, Hausa ta yi masa kaɗan ya zarce da Fillanci ba tare da ya sani ba, mahaifiyarsa daga cikin 'yan kallo ta amsa masa, aka ce mini cewa ta yi kada ya kuskura. Wurin ya kaure da dariya da tafi, yaron bai ko murmusa ba, ya ci gaba da abinsa. Na tafa har tafin hannuna ya yi zafi.

Da yamma na shiga motar haya a Gagarawa Tasha zan koma Gumel. 'Yan mata biyu daga cikin masu wasan suka shigo, ƙauyensu na kan hanya, suna ta musu kan ko matar ta cancanci a tausaya mata. Wani dillalin dabbobi da zai wuce Maigatari ya tambaye su wace mata ce wannan, a wane gari abin ya faru. Suka fara ba shi labari, wannan ta faɗa waccan ta gyara mata. Direba ya kashe rediyo. Kafin mu yi nisa motar ta rabu biyu, wata mai goyo a baya ta ce kullum mace ake ɗora wa laifi, dillali ya ce shi dai bai yarda da bokayen nan ba. Ni kuwa ina ta murna a raina.

Muka iso ƙauyen yaran, direba ya tsaya. Suka yunƙura za su sauka, sai ya kashe motar ya juyo.

"Ku ƙarasa mana tukuna," in ji shi. "Ita matar, ta warke?"

Ƙaramar ta ce, "Ba ta warke ba, Baba."

Ya ce Allah ya raba mu da haƙƙin mutane. Duk motar ta amsa da amin.

Rakiya ba ta mutu ta bar gida ba, ba ta bar gona ba, babu ko aji ɗaya da aka sa wa sunanta. 'Yan matan nan biyu na cikin mota ba su taɓa ganinta ba, direban bai san an yi ta a duniya ba. Amma na ga mota cike da mutanen da ba su san juna ba ta tsaya a gefen titi, kowa ya manta da saurin da yake yi, ana auna laifi da nadama saboda wasu 'yan mata sun iya ba da labari. A wurin Safiya suka koya, ita kuma a wurin ƙawata. Allah ya jiƙanki, Rakiya, ya haskaka makwancinki. Ajinki bai tashi ba har yau.