Ƙaho a Gadon Bayana

Ƙafafuna ba rana ɗaya suka ƙi ni ba. Da farko takalmi ne yake zame mini in na ɗauki daddawa zuwa kasuwar Kwanar Dangora. Daga baya na fara jan ƙafa kamar an ɗaura mini turmi. Sai fitsari ya daina jira na. Na binne 'ya'ya biyu, na ga yunwa, ban taɓa kuka a gaban mutum ba. Ranar da maigidana Malam ya ɗauke ni cak ya kai ni banɗaki, na yi. Tun daga ranar abu ɗaya nake roƙon Allah: in kai kaina da ƙafata.

Ƙaninsa direba ya kai mu babban asibiti a Kano. Likitar mace ce. Ta ƙwanƙwasa gwiwata, ƙafar ta zabura da kanta. Aka ɗebi jinina, aka ɗebi na Malam, aka zuƙi ruwa a bayana. Da sakamako ya fito ta zaunar da mu.

"Mama, wata ƙwayar cuta ce a jini. Ba mai karya garkuwar jiki ba ce, amma danginsu ɗaya. Da yawa suna tsufa da ita ba ta yi musu komai ba. Baba ma yana da ita, kaɗan. Taki ce ta yi yawa, kuma in ta yi yawa ta fi taɓa laka."

Malam ya ce bai gane ba.

"Baba, akwai rumbun da babu ƙwaro ko ɗaya?"

"Babu."

"To, yawan ƙwarin muke aunawa. Shi ke nuna mana rumbun da ke cikin haɗari."

Muka koma garinmu Kiru. Ranar Juma'a sai ga shi da wanzami.

"Rumbu in ƙwari sun yi yawa, fito da hatsin ake yi," in ji shi. "Cuta a jini take. A rage jinin."

"Malam, ni ba dawa ba ce."

"Dawa ta fi ki jin magana. Juya."

Na juya. Ya rufa mini mayafi, ya bar gadon baya kawai, ya tallafe goshina da tafinsa mai kaushi. Wanzami ya tsaga, ya kafa ƙaho. Duk jinin da aka juye a kasko sai Malam ya leƙa.

"Kin gani? Baƙi ƙirin. Su ne nan."

Ni ban ji sauƙin komai ba. Amma tun da na kwanta ciwo ban ga fuskarsa ta saki haka ba, sai na ƙyale shi. Haka muka yi duk daminar nan.

Da kaka muka koma aka sake awo. Ƙwayar ba ta ragu ba. Likita ta ɗaga rigata ta ga tabo jere. Ba ta yi faɗa ba.

"Baba, jikinta wani jinin yake yi, ƙwayar kuma tana ciki. Askar nan ma za ta iya kai wa wani."

Malam ya cire hula ya riƙe.

"To me zai fitar da ita, 'yata?"

"Ba mu da shi tukuna. Akwai maganin da zai sassauta jijiyoyin. Sauran kuma ta taka kullum, tana dafa wani abu."

Washegari ya karɓo aska da ƙahonin daga wajen wanzami, ya binne su a bayan gari. Sannan ya saro itacen darbejiya. Ya kafa gwafanni daga ƙofar ɗakina har banɗaki, ya gitta sanduna daidai ƙuguna. Ya kankare su da wuƙa don kada sartse ya shige ni.

Da hantsi na kama sandar farko. Ƙafafun suna rawa. Yana bayana, hannuwa a buɗe.

"Malam, tafi gona."

"Gonar ba gudu za ta yi ba."

"To juya bayanka."

Ya juya. Ina jin numfashinsa. Na ja dama, na ja hagu, na huta a kan gwafa, na sake ja. Gumi ya jiƙa mini zane. Da na dafa katangar banɗaki na shiga na saki labule.

Can na ɗaga murya.

"Malam!"

"Kin faɗi?"

"Ban faɗi ba. Miƙo buta."