Mai Ƙosai a Ɗakin Gumi

A wani ɗakin kwano a Birnin Kudu, an rufe tagogi don masu motsa jiki su yi gumi. Khairiyya mai koyar da yoga, wato motsa jiki na miƙe gaɓoɓi, tana kallon baƙuwar da ke layin baya. Dattijuwa ce, hannuwanta duk tabon ƙunar mai. Da alama mai tuyar ƙosai ce ciwon baya ya koro. 'Yan mata na ta haki, ita ko gezau; sunkuyon kawai ke gagararta.

"Yanzu kowa ta kwanta, kada ta yi komai."

"Komai, 'yar nan?"

"Komai, Inna."

Ta kwanta a ɗarare, kamar mai jiran a ƙwala mata kira. Can sai minshari. Khairiyya ta hana a tashe ta.