Zakin Kakan Mudir

Har yau ban manta da ranar da mudir ya ɗauke ni zuwa gidan gwaggonsa a unguwar Rusaifa don in yi tafinta ba. Ku da kuka shigo aikin nan bana kun tarar da labarin kakan mudir a bakin kowa, kun haddace shi kamar yadda muka haddace. To bari ku ji abin da ya faru a wata umarar Rajab, ba da daɗewa da sake buɗe hanya bayan annoba ba.

Ga wanda bai san aikinmu ba, kamfaninmu na motocin ziyara ne a unguwar Kudai, a Makka. Kowace bas tana da direba da murshidi. Murshidi shi ne mai riƙe lasifika a gaba, ya ƙirga kawunan alhazai, ya nuna musu Dutsen Sauru da Mina da Arfa, ya tabbatar ba a bar tsohuwar wani tana cinikin carbi ba. Ni murshidi ne. Mudir ɗinmu, wato shugaban kamfanin, Alhaji Sabi'u, haifaffen Makka ne, jikan Bakatsine. Hausarsa rabi ce, in ya fusata kuma sai ta gudu ta bar shi da Larabci. Shi ya kafa dokar cewa a hanyar dawowa, inda babu abin nunawa sai gada da cunkoso, dole murshidi ya ba da labarin kakansa Alhaji Ɗanjuma, wanda ya tako daga Katsina har Makka.

Lokacin da na kama aiki, kura ce ta bi Alhaji Ɗanjuma a dajin Darfur. Da aka kwana biyu ta zama damisa. Shekarar da muka sayi sababbin motoci ta zama zaki, kuma zakin bai ci shi ba, durƙusawa ya yi ya raka shi har bakin Nilu. Daga baya aka ƙara da kada da ya haye da shi tafkin Chadi a bayansa. Ba mu taɓa musu ba. Mudir ne kafilinmu, mai tsaya mana a wajen hukuma, iƙamar kowa, wato takardar izinin zama, a hannunsa take.

A Rajab ɗin nan aka kawo mana wani rukunin musulmin Sin. Gwaji ne, in sun ji daɗinmu duk masu zuwa daga yankinsu mu za mu riƙa ɗauka. Jagoransu wani dattijo ne siriri mai farin gemu, suna kiransa Ustaz Yunusa. Malamin adabi ne da ya yi ritaya, Larabcinsa irin na littafi, yana bin kowane wasali kamar mai karatun hadda. Saboda girman cinikin, mudir da kansa ya hau motata ya karɓe lasifika. Ranar zakin ya zama biyu, mace da namiji.

Ustaz yana fassara wa mutanensa, suna gyaɗa kai. Da muka sauka a Kudai, mudir ya ja shi ofis aka kawo gahawa da dabino, ni ina tsaye a gefe. Ustaz ya ce labarin ya tuna masa da wani tsohon littafin ƙasarsu da babu yaron da bai san shi ba. Labarin wani malamin addininsu na da ne, wanda ya yi doguwar tafiya zuwa ƙasar Indiya don ya kwaso littattafai. A cikin littafin akwai biri mai tsalle a kan gajimare yana yi masa rakiya, da dodanni a kowane dutse suna neman cinye shi.

Mudir ya yi dariya ya ce, "Ya ustaz, wannan ai tatsuniya ce."

Ustaz ya ce, "Malamin an yi shi. Hanyar tana nan, ƙishirwar da ya sha ma gaskiya ce. Da ya dawo ya bar bayanin garuruwan da ya ratsa, da abin da mutanensu suke shukawa, da yadda suke binne mamatansu. Wannan sai irinmu ke karantawa, mu ma da gyangyaɗi. Birin kuwa masu ba da labari a kasuwa ne suka haife shi, ƙarnuka bayan mutuwar malamin. Na ƙare aikina ina neman inda mutum ya tsaya, biri ya ɗauka." Sai ya ajiye kofi ya tambaya ko akwai wanda ya san Alhaji Ɗanjuma da idonsa.

Mudir bai yi tunani ba ya ce ai gwaggonsa tana nan da rai, a hanyar ma aka haife ta. Ustaz ya ce zai so ya gaishe ta kafin a sa hannu a kan komai.

Washegari a mota, kafin mu ɗauko Ustaz daga masauki, mudir ya ba ni umarni. Ya ce Gwaggo ba ta yin wannan hira sai da Hausa, irin Hausar da shi ba ya kamawa sosai. "Kai za ka fassara. In ta manta zaki, ka tuna mata. In ta ƙi tunawa, ka sa shi a Larabcin. Fahimt?"

Na ce, "Na fahimta, ya mudir."

Gwaggon tasa, Hajiya Ladi, tsohuwa ce ƙarama, tana zaune a kan katifa ta miƙe ƙafa, ga ƙwaryar kuka tana tankaɗe. Ta sa aka kawo shayi, ta dubi Ustaz ta ce da ni, "Yaro, tambaye shi ko ya ci abinci, na gan shi kamar sillen kara." Na fassara rabin farko.

Da aka zo kan labari, ta ce ita a gonakin auduga na Sudan aka haife ta, domin guzuri ya ƙare tun kafin a yi nisa, Baba ya tsaya yana tsinkar auduga shekara da shekaru. Ya yi wanki, ya yi ga-ruwa, ya yi yankan farce a kasuwa. Jakinsu ɗaya, shi ma an sace. Ta ce Baba mutum ne mai tsoro, ko kare ya yi haushi sai ya sa Inna a gaba. A jirgin ruwan da ya tsallako da su kuwa, tun daga tashi har Jidda kansa yana cikin bokiti.

Mudir ya taka mini ƙafa. Na gyara murya na ce da Larabci, "Hajiya ta ce a wannan daji ne zaki ya fito musu."

Ta ajiye rariya. Da Larabcin Makka tsantsa, wanda ya fi nawa daɗi nesa ba kusa ba, ta ce, "Wane zaki, ɗan nan? Ni na tsufa a garin nan, kana zaton ban ji abin da kake faɗa ba?" Ta juya ga mudir. "Kai Sabi'u, wannan aikinka ne. Da Baba ya ga zaki, da ba a haifi ubanka ba."

Daga nan ta sallame ni, ta ci gaba da Larabci da kanta. Ta ce abin da Baba bai taɓa iya faɗa ba shi ne yayanta Isa, wanda zazzaɓi ya kama a wani ƙauye kafin su kai teku. Baba ne ya haƙa kabarin da hannunsa da guntun ƙwarya, ya kwana uku a wurin ya ƙi tashi, sai Inna ce ta ɗauki kayan ta fara tafiya, ya biyo ta. Har ya rasu, in ya yi ɗawafi sai ya ƙara wani ya ce na Isa ne. Ta ce sunan ƙauyen ma ya ɓace musu.

Ustaz ya cire tabarau yana gogewa. Mudir yana kallon kafet. Ina jin ranar ya fara jin sunan Isa.

Muka kama hanyar komawa. Ni dai na riga na fara tunanin wa zai karɓe ni aiki in an kore ni. Amma an sa hannu a yarjejeniyar a makon nan. Wakilinsu ya ce sanyin motocinmu ne ya burge su.

Bayan sati ɗaya mudir ya tara murshidai. Na ɗauka za a soke labarin. Sai ya ce daga yau a ƙara da cewa wani babban masanin tarihi ya taso takanas daga ƙasar Sin, ya yi bincike, ya zauna da iyalan gidan, kuma ya fita da hawaye. Na duba maganar sama da ƙasa, ban sami inda zan ce ƙarya ce ba.

Sau ɗaya na gwada ba da labarin Hajiya Ladi yadda ta faɗe shi, a motar wasu alhazan Gombe, ranar da na san mudir ya tafi Jidda. Kafin in gama da auduga rabin motar sun yi barci. Wani alhaji ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ina zakin? Maƙwabcina ya zo bara, ya ce akwai zaki. Ko namu kuɗin bai kai ba?" Na ce yana nan tafe, Alhaji, na kawo masa shi a kwanar gaba. Amma da muka sauka, wata mata ta tsaya har kowa ya wuce, ta tambaye ni sunan yaron. Ta ce za ta sa shi a addu'a in ta shiga Harami, ita ma ta binne nata.

Abin da na koya ke nan a wannan sana'a. Ba mudir kaɗai ke ƙera zaki ba, mu da fasinja muke taya shi, domin mutumin da ya gaji a cunkoso ba ya son a ba shi labarin wanki da ga-ruwa. Ba zan ce ku karya dokar kamfani ba, kowa da iyali. Ku ba su zakinsu. Amma kafin ku kashe lasifika, ku ce mutumin ya binne ɗansa a hanya, sunansa Isa. A kowace mota akwai mai ji.