Sawun Takalmina a Harsashin Gidanka

Kawu, ni ce na ɓata maka aikinka. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Umma, kuma sai da ka tafi inda takarda ba ta zuwa sannan hannuna ya yarda ya rubuta.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga wata, da hantsi, ina wanke-wanke wayar Umma ta yi ƙara. Na ji ta ce, "Wane ƙanin nawa?" alhali kai kaɗai gare ta. Zazzaɓin kwana huɗu ne kacal. Yau kwana goma sha biyu, amma in na ji babur ya tsaya a ƙofar gida sai in kasa kunne ina jiran sallamarka.

Ba kowa ya san sana'arka ba. In magina sun ɗora harsashin gini, kafin a mayar da ƙasa cikin rami, sai ka zo da injinka da doguwar mesa, ka sa takunkumi, ka feshe bangon da wani baƙin ruwa mai kama da kwalta. In ya bushe sai ya zama kamar fatar roba, ruwan ƙasa ba ya ratsa shi. Na taɓa tambayarka me ya sa kake bin aikin da za a binne lungu-lungu da ido. Ka ce, "Uwata, mai fenti ake yabo. Ni duk ranar da aka tuna da ni, to ɗaki ya yi danshi."

Uwata kake kira na saboda sunan kakata gare ni. Ranar da Umma ta kama littafin soyayya a tsakiyar littafina na lissafi, kai ka karɓe ni. Ka ce, "Yaya, ƙyale ta, wanda ke karatu ba ya yawo." Tun daga nan kullum ka gan ni sai ka ce, "Yau dai an ɗaura auren, ko har yanzu kuka ake yi?" Ni kuwa in rufe fuska in gudu. Na kuma tuna tsohuwar bayan layinmu da tabarmarta ba ta bushewa da damina. Ranar hutunka ka haƙe gindin ɗakinta da hannunka, ka feshe, ka tafi kafin ta gama sa albarka.

Shekara biyu ke nan, lokacin da kake gina naka gidan, aka aike ni da kular abincinka. Ka gama feshi ka tafi masallaci. Dokarka ɗaya ce, kowa ya san ta: ba a shiga ramin sai feshin ya kwana. Na zauna a kan bulo ina karatu, hankalina ya tafi, littafin ya suɓuce ya faɗa ramin. Na sauka ɗaukowa, ƙafata ta zame, takalmina ya saɓule feshin daga can ƙasan bango, wajen faɗin tafin hannu. Tsoro ya kama ni. Na watsa yashi a wurin, na ajiye kular, na gudu. Takalmin ya yi baƙi ƙirin, na goge da kananzir bai fita ba, na cusa shi ƙarƙashin gado.

Bayan kwana biyu, ranar da aka cike ramin, ka zo gidanmu da sabon takalmi a leda. Ka ce, "Na ga naki ya tsufa." 

Nan kaina yake ɗaurewa, Kawu. In ka ga sawuna, na san ka, da ka share yashin ka sake feshe wurin. To me ya kawo danshin da ya fito a ɗakin Anti, matarka, da daminar bana, daidai ƙarƙashin taga, fenti yana kumbura yana zuba? In kuwa ba ka gani ba, me ya sa takalmi, kuma me ya sa a ranar? Ina wurin sanda ka dafa bangon da tafin hannunka, sannan ka ce in ruwa ya ɗauke za ka haƙa. Ka dube ni, ko ni ce na ga kamar ka dube ni? A littattafaina, kafin shafin ƙarshe wani yakan zo ya warware komai. Na jira, ba wanda ya zo.

Ranar sadakar uku, ina kai ruwa zaure, na ji wani birkila yana cewa, "Allah ya ji ƙan mai feshi, amma na gidansa kam ya tsinka shi da ruwa." Wannan na haɗiye. Jiya kuma ina taya Anti janye gado daga jikin bangon, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ko dai mai kyaun na mutane ne, ni aka bar min ragowa?" Ta share ido da bakin mayafi. Matar da kake cewa saboda ita ka yi wa gidan feshi hawa uku. Na ci gaba da janye gadon.

Allah ya gafarta maka, Kawu, ya yalwata kabarinka, ya sa ni'ima a cikinsa, ya karɓi ayyukanka da aka binne ba wanda ya gani. Allah ya ba Anti da Umma da abokan aikinka haƙurin rashinka, ya raya abin da ka bari.

Ban san abin da za a tarar in an haƙa ba. Wataƙila yashina, wataƙila gyaranka. Amma na san wurin: bangon gabas, ƙarƙashin taga, taku uku daga kusurwa. Takardar nan taka ce, sai dai Anti ce za ta karanta. Na zaro tsohon takalmin daga ƙarƙashin gado, na sa shi a ledar da ka kawo sabon. Umma na kira na in ɗauki kular Anti. Zan ɗora takardar a kan murfin, in miƙa mata da hannu biyu, kuma yau ba zan gudu ba.